Wakilin Suna a Nahawun Ingilishi

Wakilin suna kalma ce da ke shiga gurbin suna domin kada a yi ta nanata shi a cikin zance. Masana nahawun Ingilishi sun kasa shi gida-gida, ko da yake ba su haɗu a kan yawan gidajen ba.

Babban gida shi ne na mutum: I, you, he, she, it, we da they. Kusan a nan ne kaɗai Ingilishin yau ya riƙe tsohuwar ɗabi'arsa ta sauya siffar kalma gwargwadon aikinta a jimla. Idan namiji ne ya yi aikin sai a ce he, idan kuwa a kansa aikin ya faɗa sai a ce him. Haka she take komawa her, we ta koma us. Ita kuwa I, kullum da babban baƙi ake rubuta ta, ko a tsakiyar jimla take.

You ta fi sauran tarihi. A da thou ake ce wa mutum ɗaya, ye da you kuma na jam'i ne. Sannu a hankali aka riƙa kiran manya da you don girmamawa, kamar yadda ɗa mai ladabi ke ce wa mahaifinsa "ku", har thou ta koma ta raini ko ta shaƙuwa. Cikin ƙarni na 17 ta ɓace daga maganar yau da kullum, sai dai a fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, da waƙoƙi, da wasu kare-karen harshe na arewacin Ingila. Wannan asara ce, domin yanzu kalma ɗaya ke ɗaukar nauyin kai da ke da ku. Shi ya sa mutanen kudancin ƙasar Amurka suka ƙirƙiro y'all, wasu a Ailan kuma suke cewa youse.

They, them da their aro ne daga harshen mutanen Sikandinebiya da suka zauna a arewa da gabashin Ingila tun ƙarni na 9. Tun ƙarni na 14 ake amfani da they ga mutum ɗaya idan ba a san jinsinsa ba, kuma a 2019 kamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓe ta kalmar shekara. It ta abin da ba mutum ba ce, wani lokaci ma ba ta wakiltar komai: a "It is raining" cike gurbi kawai take yi.

Na mallaka su ne mine, yours, his, hers, ours da theirs, waɗanda ke tsayuwa da ƙafarsu. My da your kuwa sai da suna a bayansu, don haka masana da yawa ba sa lissafa su a nan. Masu mayar da aiki kan mai yinsa suna ƙarewa da -self ko -selves. Nunau guda 4 ne: this da these na kusa, that da those na nesa. Anyone, nobody da something ba sa fayyace kowa, each other kuma na juna ne.

Who, whom, whose, which da what na tambaya ne, kuma yawancinsu suna haɗa ƙaramar jimla da sunan da take bayani a kai. Whom tana ja da baya: a baka kusan kowa who yake cewa, ita kuwa ta fi fitowa a takardun ofis da bayan kalmomi irin su to da with.