Kimba

Kimba bishiyar kurmi ce mai son ruwan sama, 'yar dangin gwandar daji, dangin da masana tsirrai ke kira Annonaceae. Sunanta na kimiyya Xylopia aethiopica. Tana fitowa daga Sanagal zuwa Sudan, ta gangara kudu har Angola. A Nijeriya kurmin kudu ne mazauninta, inda Yarabawa ke ce mata eeru, Ibo kuma uda. Ba ta rayuwa a ƙasar Sakkwato saboda gajeriyar damina da zafin bazara, don haka duk kimbar da ake gani a Tsohuwar Kasuwa fatake ne suka kawo ta busasshiya.

Bishiyar miƙaƙƙiya ce, takan kai mita 20 ko fiye, ba ta kaɗe ganye da rani. Itacenta gara ba ta cinsa da sauƙi, shi ya sa ake yin ginshiƙan ɗaki da shi. 'Ya'yanta suna fitowa curi guda kamar yatsu, sirara, tsawon kowanne santimita 3 zuwa 6, da ƙwaya 5 zuwa 8 a ciki. Ana tsinke su a shanya, wasu su kyafe su a kan hayaƙi, har su koma baƙi-baƙi.

Abin da ya kamata mai girki ta sani: ƙamshin yana jikin ɓawo ne, ƙwayar kuwa ɗaci gare ta. Wadda ta daka kimba duka ta zuba a farfesu, romon zai yi ɗaci, kuma ba ya gyaruwa. Sai a ɗan gasa ta, a farfasa, a fitar da ƙwayar. Ko a jefa silli 2 zuwa 3 a tukunya yadda suke, a tsame kafin a sauke. A yaji tana tafiya da citta, kanumfari, masoro da barkono, musamman yajin mai jego, ana kuma sa ta a kunu da zoɓo. Mai ciki dai ta kiyayi yawan shan jiƙonta, domin a gargajiyance bayan haihuwa ake bayar da shi.

Wurin saye, a karya silli ɗaya a shinshina. Mai kyau ƙamshinta na tashi nan take. Wadda ta yi farin ƙura a jiki ba ta bushe sosai ba aka zuba ta a buhu, ta yi fumfuna, ba a cinta.