Yadda kiɗa ke sa mu zubar wa jaruma hawaye: misalin Radha a Mother India

Me ya sa aka ɗauki wannan fim misali?

Domin an yi shekara da shekaru ana haska shi a gidajen sinima na Kano, tun kafin a fara fassara finafinan Indiya zuwa Hausa. Mehboob Khan ya fitar da shi a 1957, Nargis ta fito a matsayin Radha, Naushad kuma ya tsara kiɗan. Yawancin masu kallo ba sa jin Indiyanci, amma suna fitowa idanu jajir.

Labarin bai isa ya sa mutum kuka ba?

Yana da nauyi ƙwarai. Dutse ya murƙushe hannayen mijin Radha, kunya ta sa ya bar gida, mai ba da bashi da ruwa Sukhilala ya danne musu amfanin gona, ga ambaliya. Sai dai jin labarin wahala daban, shiga cikinta daban. A wurin da Radha take jan garma da ƙarfinta don babu shanu, muryar Lata Mangeshkar ce ke faɗar abin da ke ranta, amshi yana bin ta a baya. Waƙar tana tsayar da labari, ta bar mai kallo ya zauna da gajiyar matar na wasu mintoci. Wannan zaman ne ke haifar da tausayi.

To, ina ruwan kiɗa da ƙarshen fim ɗin?

Nan ne ma aikinsa ya fi fitowa. Ɗanta Birju ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya sace 'yarsa, Radha ta harbe shi da hannunta. Kafin nan mun riga mun ji ta tana waƙa tana roƙonsa ya dawo gare ta. Kunne bai manta ba. Shi ya sa ƙarar bindigar take sauka kan uwar da muka san zafin ƙaunarta.

Ke nan yawan kiɗa shi ne yawan tausayi?

Sam. Wannan ne ke damuna a finafinanmu na Kannywood da dama: da zarar jaruma ta sunkuyar da kai sai fiyano ya tashi, sauti iri ɗaya ga mutuwa da saki da ɓatan kuɗi. Kunne yana sabawa, kafin babban rashi ya zo mai kallo ya daina ji.