Waiwaye: yadda soson teku ya daɗe yana ruɗa masana

Soson da muka sani na wanka ɗan tsiro ne mai yaɗo. A bar shi ya bushe a kan danga, a ɓare ɓawon, a karkaɗe 'ya'yan. Shi ya sa idan aka ce wa Bahaushe a ƙarƙashin teku akwai soson da dabba ne, sai ya riƙe baki. Ba laifinsa ba ne, don masana ma sun fi shekara 2,000 suna kai-komo a kansa.

Tun zamanin Girkawa, Aristotal ya rubuta cewa soso yakan takure idan ya ji za a cizge shi daga jikin dutse, amma ya bar shi tsakanin dabba da tsiro. Ba baki, ba ido, ba ya tashi daga inda yake. A 1759 Carl Linnaeus na Suwidin ya raɗa wa soson wanka na Bahar Rum suna Spongia officinalis, ya kuma jera shi cikin tsirrai. John Ellis ya yi musu a 1765, bayan ya ga ramukan jikin soso suna motsa ruwa.

Wanda ya kashe bakin zancen shi ne Robert Grant a Edinbura, wajen 1825. Ya ɗebo soso mai rai daga gaɓar teku, ya sa shi a ɗan kwano da ruwan gishiri, ya kafa masa madubin ƙara girma. Sai ga ruwa yana tunkuɗowa daga babban rami ba tsayawa, ɗauke da ɓurɓushi. Ashe ta ƙananan ƙofofi yake zuƙo ruwa, ya tace abinci, ya fitar da saura ta babbar. Grant ne ya ba dangin suna Porifera a 1836, wato masu ramuka.

Sanin dabba ne ya fi sauƙi a kan sanin wane iri ne. Nan ne aikin yake, kuma nan ne nake jinjina wa masu yinsa. Launi ba ya taimako, siffa ma haka: iri ɗaya zai yi shimfiɗe kamar tabarma inda igiyar ruwa ke da ƙarfi, ya yi rassa inda ruwa ke kwance. Dole a shiga cikin jikinsa. Mai bincike zai yanki ɗan tsoka, ya jefa a ruwan bilic na wanki har naman ya narke. Abin da ya kwanta a ƙasa shi ake nema: ƙananan ƙayoyi, wasu kamar allura, wasu kamar tauraro, wasu kamar ƙugiya. A wanke, a auna tsawo da kauri ɗaya bayan ɗaya. Na wasu gilas ne, na wasu sinadarin alli. Soson wanka na teku kuwa ba shi da ƙaya ko ɗaya, zare ne zalla mai laushi, shi ya sa ba ya karce fata.

A kan waɗannan ƙayoyi aka gina rabe-raben da John Hooper da Rob van Soest suka tattara a littafin Systema Porifera a 2002. Ba a jima ba binciken ƙwayoyin gado ya fara rusa wasu gidajen, ya nuna cewa kama da wane ba ta wane. A 2012 aka ware wani rukunin soso mai suna Homoscleromorpha a matsayin aji na huɗu a cikin dangin. Yau an tantance iri sama da 9,000.

A 1995 Jean Vacelet da Nicole Boury-Esnault suka ba da labarin wani ɗan soso fari a kogon teku kusa da Marseille a Faransa. Ba ya tace ruwa sam, ba shi ma da hanyoyin ruwan da Grant ya gani. Da zaruruwa masu ƙugiya yake kama ƙananan dangin jatan-lande, ya lulluɓe su, ya narkar cikin 'yan kwanaki. Ƙayoyinsa ne suka shaida cewa soso ne. An sa masa suna Asbestopluma hypogea, daga baya aka mayar da shi gidan Lycopodina.