Wai ya ake yi tawada kala huɗu ta fitar da hoto mai launuka barkatai?

Tambaya: Na buɗe firinta na ga tawada huɗu ce kawai a ciki, to kore da ja daga ina suke fitowa?

Amsa: Huɗun nan su ake kira CMYK, wato sayan mai kama da shuɗin sararin sama, majenta mai ruwan hoda sosai, ruwan ɗorawa, sai baƙi. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne tawada ba ta ba da haske, shanye shi take yi. Farar takarda ita ke dawo wa idonka da hasken duka, wato ja da kore da shuɗi a haɗe, to in aka ɗora sayan sai ya shanye ɓangaren ja, majenta ta shanye kore, ruwan ɗorawa ya shanye shuɗi, abin da ya tsira shi kake gani. Shi ya sa in sayan ya hau kan ruwan ɗorawa sai kore ya fito, majenta da ruwan ɗorawa su ba da ja, sayan da majenta kuma shuɗi mai duhu. Gaskiya wannan hikimar tana burge ni matuƙa.

Tambaya: To me ya kawo baƙi?

Amsa: A lissafi in ka haɗa ukun baƙi ya kamata ka samu, amma a zahiri wani ruwan ƙasa ne mai dauɗa ke fitowa, ga takarda ta jiƙe sharkaf, ga asarar tawada. Ƙananan rubutu kuwa da baƙi zalla suka fi fita tas.

Tambaya: Kalar da ba ta cika ba fa, irin launin fatar mutum?

Amsa: Nan ne aikin yake. Inji ba ya surka tawada da fari, ɗigo-ɗigo yake zubawa ƙanana ainun, inda ake son haske sai ɗigon ya ƙanƙance farin takarda ya leƙo ta tsakani, inda ake son duhu ya girma, ido kuma daga nesa sai ya haɗe su ya ga kala ɗaya. A maɗaba'a kowace tawada da kusurwar da ake jera ɗigonta, galibi baƙi digiri 45, majenta 75, sayan 15, ruwan ɗorawa 0, don kar su yi karo su haifar da wani zane-zane mai ɓata hoto. Sa gilashin ƙara girma kan hoton jarida, da idonka za ka gan su.

Tambaya: Me ya sa hoto ke sheƙi a waya amma in an buga sai ya dusashe?

Amsa: Sikirin da haske yake aiki, ja da kore da shuɗi, ƙara su yake har su kai fari. Akwai kaloli masu ƙyalli da huɗun nan ba sa iya kaiwa, shi ya sa kamfani mai son kalar tambarinsa daidai yakan sa a haɗa masa tawada ta musamman irin ta Pantone, wani tsarin tantance kaloli, a buga ta daban.