Garin gyada maras mai da batun rage ƙiba

A wurin aikinmu na kula da lafiya a nan Zariya, da wuya mako ya wuce ban zauna da wata baiwar Allah ko wani magidanci da likita ya umarta ya rage ƙiba ba, saboda hawan jini ko ciwon suga ko ciwon gwiwa. Abin da da yawansu ke fara gaya mini shi ne sun daina cin gyada ɗungurungum, tunda an ce musu maiƙo ya yi mata yawa. Maganar maiƙon gaskiya ce, amma rabuwa da gyada baki ɗaya asara ce ga mutumin da nama da kifi suka yi wa tsada, domin tana cikin abinci mafi araha da ke gina jiki a ƙasarmu.

Kusan rabin nauyin ƙwayar gyada mai ne, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kuma furotin ne, wato sinadarin da ke gina tsoka. Giram ɗaya na mai yana ba jiki kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), alhali giram ɗaya na furotin ko na sitaci kalori 4 kawai yake bayarwa, shi ya sa giram 100 na gyada yake kaiwa kalori 570 ko kusa da haka. Idan aka soya gyadar aka matse mafi yawan man, sannan aka niƙe abin da ya rage, ana samun gari mai ƙamshin gyada da ɗanɗanonta, wanda furotin ɗinsa yana nan amma maiƙonsa ya ragu ƙwarai. Irin wanda kamfanoni ke yi a Amurka, kamar PB2, babban cokali biyu nasa bai wuce kalori 60 ba, da furotin giram 5 zuwa 6, yayin da cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyada mai cikakken mai yake kaiwa kalori 190. Sai dai a lura cewa garin ba shi da nauyi, cokali biyunsa giram 13 ne kacal, don haka wanda ya riƙa kamfatarsa ba awo zai mayar da abin da ya gudu daga gare shi.

Ni a ganina, babu dalilin da zai sa mutumin Zariya ya kashe kuɗi mai yawa a kan kwalbar da aka shigo da ita daga waje, alhali iyayenmu mata sun daɗe suna yin kusan irinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan masu ƙuli ya ga yadda ake zuba markaɗen gyada a turmi, ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da muciya, har man ya taso ya kwanta a sama a kwashe shi. Abin da ya rage a ƙasa shi ne tunkuza. Inda aka rabu shi ne, ana mulmula tunkuzar a soya ta cikin mai ta zama ƙuli-ƙuli, a nan kuma take sake shan wani maiƙon. Mai neman rage ƙiba sai ya karɓi tunkuzar da aka matse sosai, a marmasa ta a kasko ba tare da mai ba, a riƙa juyawa a kan wuta kaɗan har ta bushe ƙayau, sannan a daka a tankaɗe a zuba a kwalba mai murfi. Matsar hannu ba ta kai ta injin kamfani ba, saboda haka na gida zai ɗan fi maiƙo, amma duk da haka ya fi gyada zalla sauƙi nesa ba kusa ba.

Amfanin garin shi ne furotin yana sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba, kuma yana taimaka wa jiki ya riƙe tsokarsa a lokacin da ake rage abinci. Cokali biyu a cikin koko ko kunun safe, in aka rage suga, kan kai mutum har azahar ba tare da ya nemi cincin ko lemon kwalba ba. Ya dace da kwaɗon zogale da na rama, yana kaurara miyar taushe da faten tsaki, ana kuma iya dama shi da kindirmo maras suga. Sharaɗin shi ne ya maye gurbin wani abu mai maiƙo, kamar man da ake malalawa a kan kwaɗo ko ɗanwake, domin garin ba ya narkar da kitse, kuma wanda ya ƙara shi a kan malmalar tuwo uku da ya saba ci ba zai ga canji a kan sikeli ba. Man gyada ma ba abin ƙi ba ne, yana cikin mayukan da ke da kyau ga zuciya kuma yana ɗauke da bitamin E, awonsa kawai ake so a kiyaye.

Abin da ya fi damuna shi ne ingancin gyadar. Gyadar da ba ta bushe da kyau ba, ko aka ajiye ta a wuri mai laima, tana yin hunhuna mai fitar da guba da ake kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga cutar kansa, kuma suya ba ta kawar da ita. Wasu kan ware gyada mai kyau su kai kasuwa, su bar tsamurarriya da mai ɗaci don yin ƙuli, saboda haka ya fi kyau uwargida ta sayi gyadarta a Sabon Gari ko Samaru, ta baza a faifai ta tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta motse, kafin a kai inji. Wanda ya sayi na kwalba kuma ya duba lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ya karanta ko an ƙara suga da gishiri.

Wanda gyada ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi kada ya kusanci garin, domin abin da jikinsa ke ƙi yana cikin furotin ɗin ne. Mai ciwon ƙoda ya fara tuntuɓar likitansa. Yara ƙanana kuwa, musamman masu rama, gyada mai cikakken mai suke buƙata a kununsu, kamar yadda abincin da ake ba masu tamowa a asibiti shi ma da markaɗaɗɗiyar gyada mai mai ake haɗa shi.