Ba kowace satar kuɗi ta waya ce "kutse" ba

Da wuya ka kunna rediyo ko ka leƙa Facebook a 'yan kwanakin nan ba ka ci karo da kalmar kutse ba. An yi wa wane kutse a WhatsApp, an yi wa wance kutse a asusun banki. Ɗan siyasa ya saki maganar da ta tayar da ƙura, washegari mai magana da yawunsa ya fito ya ce aikin 'yan kutse ne. Kalmar ta koma buhun da ake zuba kowace irin asara a ciki, kuma abin yana ci mini rai, domin ina ganin yadda yake cutar da mutane.

Kutse daga "kutsa" ta fito. Bahaushe kan ce akuya ta kutsa ta danga ta shiga gona, ko yaro ya kutsa cikin taro har ya isa gaban sarki. Duk inda ka ji kutsa, to akwai shinge ko cunkoson da ya tare hanya, akwai kuma wanda ya matsa da ƙarfi ko da dabara ya wuce ba tare da an ce masa bismillah ba. Ɗan kutse a gidan biki shi ne wanda ba a gayyata ba, ya raɓa ya shige. Amma mutumin da ya tsaya a zaure ya yi sallama, aka amsa, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo masa ruwa, ko da ƙarya ya shirga game da ko shi wane ne, ba wanda zai ce ya kutsa. Cewa za a yi ya yaudari masu gida. Da 'yan jarida suka ari kalmar don bayyana aikin masu shiga kwamfutar mutane a ɓoye, sun yi zaɓi mai kyau. Matsalar ta faro ne da aka fara laƙa ta ga mai sallama ma.

Kutse na gaskiya akwai shi, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. A watan Fabrairun 2016 wasu ɓarayi da suka daɗe da dasa muguwar manhaja a kwamfutocin Babban Bankin Bangaladash suka aika umarnin biyan kuɗi ta hanyar SWIFT, tsarin da bankunan duniya ke aika wa juna saƙon biyan kuɗi da shi, zuwa asusun ƙasar da ke birnin New York na Amurka. Sun nemi kwashe kusan dala biliyan ɗaya, suka samu wucewa da dala miliyan 81 zuwa ƙasar Filifins. Har na'urar da ke buga takardun shaidar ciniki sai da suka lalata don kada ma'aikata su farga da wuri. Irin wannan yana buƙatar watanni na shiri da ƙwarewa mai zurfi, kuma masu wannan ƙwarewa ba sa ɓata ta a kan naira dubu tamanin ɗin mai sayar da atamfa.

Mai atamfar da nake nufi gwaggona ce. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, ta koma karɓar tiransifa kamar kowa a kasuwa. Wata ranar Alhamis ta kira ni muryarta na rawa, ta ce an yi mata kutse, alat biyu sun shigo a jere, asusun ya zama wayam. Da na je gidan na zauna, na ce, "Gwaggo, kafin alat ɗin, akwai wanda ya kira ki?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, daga banki ne fa. Ya kira cikakken sunana, ya faɗi ranar haihuwata. Ya ce za a rufe asusun saboda BVN ɗina bai daidaita da NIN ba, sai dai idan na karanta masa lambobin da ke jikin katina da waɗanda za su shigo yanzu."

"Kin karanta masa?"

"To ya zan yi? Da Hausa yake magana, har da insha Allahu."

Babu dangar da aka keta a nan. Lambar nan mai shigowa ta saƙo, wadda ake kira OTP, ita ce mukullin ƙarshe da banki ke miƙa wa mai asusu shi kaɗai, kuma ɓarawon bai da hanyar samunta sai ta bakin gwaggo. Saboda haka ya yi sallama. Ya zaɓi tsoron da ya san yana zukatan mutane, domin tun Disambar 2020 da aka ba da umarnin haɗa layukan waya da NIN jama'a suka saba jin cewa za a rufe wani abu nasu idan ba su gaggauta ba. Sunanta da ranar haihuwarta kuwa, abubuwa ne da ta sha rubutawa a fom ɗin tallafi da na rajista iri-iri, takardun da ba wanda ya san inda suke ƙarewa.

Muna da sunayen wannan aiki tun kafin zuwan wayar hannu. Damfara ce, kuma mai yinta sojan gona ne, wanda ya sa rigar da ba tasa ba don a ji tsoronsa ko a yarda da shi. Ko lambar nan 419 da ta zama laƙabin 'yan damfara a duniya, sashe ne na kundin dokar laifuffuka da ake aiki da shi a kudancin Najeriya, wanda ya yi magana kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar ƙarya. Ƙarya ce jigon laifin, na'ura hanya ce kawai. Haka abin yake a WhatsApp: wani ya kira ka ya ce daga zauren tsofaffin ɗalibai ko na ƙungiyar masallaci yake, za a yi taro ta intanet, ka turo lambobi shida da suka shigo maka. Da ka tura, ya ɗauke asusunka ya shiga roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka.

Akwai nau'i na uku da ya fi ba ni tsoro, wanda shi ma ake jefa shi cikin buhun kutse: satar shaidar mutum. Mai ƙwacen waya sau da yawa layin da ke ciki ya fi masa wayar daraja. Ya zare shi ya sa a wata ƙaramar waya, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗin mai layin, lambobi 11, daga nan duk saƙon banki hannunsa zai riƙa faɗawa. Wani ma ba ya taɓa wayarka, zuwa yake da bayananka a yi masa walkam-bak na layinka, wato a ba shi sabon sim mai lambarka, kai kuma ka ga sabis ya ɗauke ka ɗauka matsalar kamfani ce. Da irin wannan ake cin bashi da sunan mutum bai sani ba.

Na san dalilin da ya sa mutane suka fi son cewa kutse. Kunya ce. Wanda aka yi wa kutse abin tausayi ne, wanda aka damfara kuwa sai a riƙa yi masa kallon marar wayo, alhali waɗannan mutane sana'arsu ke nan, sun damfari malamai da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Amma ɓoye sunan ciwon yana hana a sha maganinsa. Wanda ya yarda cewa kutse aka yi masa zai ga babu abin da zai iya, tunda shi ba masanin kwamfuta ba ne, gobe kuma idan wani ya kira da murya mai daɗi zai sake karantawa. Maƙwabtansa ma ba su ji ainihin yadda aka yi ba, balle su gane muryar idan ta zo kansu. Kuma idan ya je banki ya ce kutse ne kawai, ya hana masu bincike abin da suka fi buƙata: lambar da ta kira, da lokacin, da abin da aka ce masa, tun kuɗin bai gama tsallakawa daga asusu zuwa asusu ba.

Ranar da abin ya faru da gwaggo, ba mu kwana ba sai da muka sa aka toshe katinta. Da safe muka je banki ta faɗi komai yadda ya faru, muka sa wa layinta lambar sirri ta yadda ba zai yi aiki a wata waya ba sai an sa lambar, muka kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp ɗinta. Kuɗin bai dawo ba. Bayan mako biyu, a wajen zubin adashi, ta ba matan unguwa labarin da bakinta, har da yadda mutumin ya kira sunanta. Nan take mata biyu suka ce su ma an kira su da wannan magana ta BVN, ɗaya ma ta ce mutumin ya yi alkawarin sake kiranta da yamma.