Tambayoyin da aka dame ni da su kan garuruwan Ceredigion

Wai Ceredigion a Ingila take?

A'a. Gunduma ce a yammacin Wales, a bakin teku. Kuma kada ka je can ka ce wa mutanen wurin su 'yan Ingila ne, za a ɗaure maka fuska.

Cardigan ita ce Cardiff?

Haba malam. Cardiff babban birnin Wales ne, yana can kudu. Cardigan ƙaramin gari ne a inda kogin Teifi ya faɗa teku. Duba tikitinka da kyau kafin ka biya.

Wane gari ne mafi girma?

Aberystwyth. Jami'a tana nan tun 1872, babban ɗakin karatu na ƙasar Wales yana nan, asibitin Bronglais ma yana nan. Amma idan na ce "girma" kada ka hango Kano. Gundumar gaba ɗayanta mutum kusan 71,500 ne a ƙidayar 2021. Sauran wurin gonaki ne da tuddai da tumaki.

Zan iya kama haya a ƙauye, tunda ya fi araha, in riƙa shigowa Aberystwyth ba tare da mota ba?

To, wannan ce kaɗai tambayar da ta cancanci a zauna a kanta. Amsar ita ce: ya danganta, kuma ya danganta sosai.

Fara da jirgin ƙasa. Layi ɗaya ne na fasinja ke shigowa, daga Shrewsbury, ya biyo ta Borth da Bow Street ya tsaya a Aberystwyth. Idan gidan da ka samu yana ɗaya daga cikin waɗannan biyun, ka yi dace, 'yan mintoci ne. Tashar Bow Street ma sai 2021 aka sake buɗe ta. Kudu da Aberystwyth kuwa babu jirgi sam. Layin da ke zuwa Carmarthen an rufe shi ga fasinja tun 1965, yau kuma Tregaron da Lampeter da Aberaeron da Cardigan duk sun dogara da bas.

Bas ɗin ma kashi biyu ne a wurina. Akwai manyan layuka: T5 da ke bin gaɓar teku ta Aberaeron da New Quay zuwa Cardigan, da T1 da ke ratsawa ta Lampeter zuwa Carmarthen. Idan ƙofar gidanka tana kan ɗaya daga cikinsu, za ka iya rayuwa, muddin ba ka da aikin dare. Daga Aberaeron kamar minti 40 ne. Daga Cardigan kuwa kusan awa 2, wannan kam ban ba da shawara ba. Sai ƙauyukan da ke lungu, inda bas ke leƙowa sau kaɗan a rana, ranar Lahadi kuma wataƙila ko ɗaya. Taswira za ta nuna maka mil 2 zuwa babban titi, ka ce ai ba komai. Je ka gani. Hanya ce siririya, shingen ciyayi dama da hagu, babu gefen masu tafiya a ƙasa, babu fitila, kuma a Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, ga ruwa yana zuba a karkace.

Mai mota fa? Shi da sauƙi, sai dai lasisin Najeriya wata 12 kawai zai yi maka, daga nan sai ka ci jarrabawarsu. Ka haɗa inshora da mai, wataƙila rarar kuɗin hayar ta tafi. Ban ce lallai ba. Mai iyali da ke son fili zai iya cin riba. Amma ɗalibi sabon zuwa, ni dai na ce ya zauna cikin gari shekarar farko, ya sha tudun Penglais, inda jami'ar take, da ƙafa kamar kowa.

Dole sai na iya yaren Welsh?

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, kowa yana jin Turanci. Amma kashi 45 cikin 100 na mutanen gundumar suna magana da Welsh, kuma makarantun firamare na ƙauyuka da shi suke koyarwa. Mai yara ta tambaya tun kafin ta sa hannu a takardar haya.

Ina ne ya fi kyau a je yawon buɗe ido?

Aberaeron don gidajenta masu fenti kala-kala. New Quay don ganin dabbar ruwan nan dolfin. Kullum amsar ke nan, ba ta canzawa.

Na hau jirgi daga Birmingham, me zan kula da shi?

Yauwa, wannan da ma ita ya kamata a fara tambaya. Jirgin yakan rabu biyu a Machynlleth: wasu taragu su nufi Aberystwyth, wasu su yi arewa zuwa Pwllheli. Saurari sanarwa, ka tambayi mai duba tikiti ko kana taragun da ya dace, kuma kada ka yi barci kafin Machynlleth.